Motoci marasa direba: tambayoyi da amsoshi kan hatsari da rigimar ɓoye bayanai

Duk sanda aka ɗora bidiyon wata mota tana tafiya sitiyari na juyawa ba kowa a kujerar direba sai ka ga mutane sun rabu biyu, wasu na cewa ai an gama da hatsari, wasu na cewa ko kyauta ba za su shiga ba. Su duka biyun ba su da hujja a hannu, don hujjar tana cikin kwamfutocin kamfanonin da ke ƙera motocin. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Wai duk motar da aka ce tana tuƙa kanta iri ɗaya ce?

A'a, kuma daga nan ruɗanin yake farowa. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta kasa abin gida shida, daga mataki na 0 zuwa na 5. A mataki na 2 motar na riƙe layi tana taka totur da birki da kanta amma kai ne direba, idonka dole ya kasance a titi, in wani abu ya faru kai za a tambaya. Autopilot na Tesla nan yake, har ma wanda suke kira Full Self-Driving ɗin da suke sayar wa mutane, duk da sunan da aka laƙaba masa. Mataki na 3 shi ne wanda za ka iya kau da ido a wasu yanayi amma in ta kira ka sai ka karɓa, Honda ta fito da irinsa a Japan a 2021, Mercedes ma ta samu izini a Jamus a ƙarshen shekarar. Mataki na 4 shi ne tasi ɗin kamfanin Waymo a biranen Phoenix da San Francisco da Los Angeles na Amurka, ko na kamfanin Baidu a Wuhan ta China, ba direba kwata-kwata amma a cikin yankin da aka shata mata kawai. Mataki na 5, wato ta je ko'ina a kowane yanayi, babu shi a kasuwa.

To a taƙaice, sun fi mutum iya tuƙi ko ba su fi ba?

Ba taƙaitacciyar amsa gaskiya. Mutane na mutuwa a titi da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan miliyan 1.19 a shekara, a Amurka kaɗai wajen dubu 40. Amma in ka raba da yawan tafiyar da ake yi sai ka ga ɗan Adam ba ƙaramin direba ba ne, a Amurka ana yin wajen mil miliyan 100 kafin a samu mutuwa ɗaya da ɗan ɗori. Shi ya sa cibiyar bincike ta RAND ta yi lissafi a 2016 ta ce kafin a iya bugun ƙirji a ce mota marar direba ta kai mutum a wajen kauce wa kisa, sai ta yi kamar mil miliyan 275 ba ta kashe kowa ba, in kuma so ake a nuna ta fi shi da wani kaso to lissafin biliyoyi ake. Kuma duk sanda aka sabunta manhajar kusan sabon direba ne ya hau kujera, to tsohon lissafin nawa ne a ciki zai ci gaba da aiki?

Waymo ce ta fi kowa fito da alƙaluma. A ƙarshen 2024 ita da kamfanin inshora na Swiss Re sun duba mil miliyan 25.3 na tafiya ba direba, suka ce neman diyyar ɓarnar dukiya ya ragu da kashi 88 cikin 100, na rauni a jiki kashi 92, idan aka kwatanta da direbobi mutane. Abin a yaba ne, ni dai ina ganin ba ƙarya ba ce. Sai dai a tuna yawancin tafiyar a garuruwan da ba ƙanƙara aka yi ta, kan titunan da aka zana taswirarsu tsaf, kuma kamfanin na cikin waɗanda suka rubuta binciken. Sakamakon Waymo kuma ba ya nufin motar wani kamfanin ma haka take.

Af, akwai wata magana da ake yawan yaɗawa wai kashi 94 na hatsari laifin direba ne don haka in an cire direba an cire kashi 94. Shugabar hukumar binciken hatsari ta Amurka NTSB, Jennifer Homendy, ta soki wannan adadi sosai don yana rufe laifin titi marar kyau da ƙirar mota da dokar gudu, har hukumar kula da tsaron motoci a tituna ta Amurka, NHTSA, ta cire shi daga shafinta a 2022.

Wane irin bayani motar ke tarawa?

Kusan komai. Hotunan kyamara ta kowane gefe, bayanan radar, da na lidar wato na'urar nan da ke harba hasken leza tana auna nisan abubuwa (Tesla ita ta zaɓi kyamara zalla). Sai inda motar take, gudunta, lokacin da ta taka birki, da kuma wanda ya fi muhimmanci ga mai bincike: abin da kwamfutar ta ɗauka ta gani da abin da ta yanke shawarar yi a kowace daƙiƙa.

Me ya sa ake nacewa sai kamfanoni sun nuna wa juna da hukuma bayanansu? Kowa ya gyara tasa mana.

Saboda kuskuren manhaja ba irin na mutum ba ne. Direba ɗaya in ya yi ganganci shi kaɗai ne, amma manhaja ɗaya ce a cikin motoci ɗari ko dubu. A Disamba 2023 a Phoenix motocin Waymo biyu suka bugi wata a-kori-kura guda da ake ja da janwe, ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintuna, don an ɗaure ta a karkace tana kallon baya kuma duka biyun suka yi hasashen inda za ta nufa ba daidai ba, iri ɗaya sak. Ba wanda ya ji rauni, kamfanin ya gyara manhajar motoci 444. Tambayar ita ce sauran kamfanoni fa, su ma sai sun bugi tasu a-kori-kurar kafin su koya?

Dubi na Uber a Tempe da ke jihar Arizona, daren 18 ga Maris 2018, wanda shi ne karon farko da motar gwaji mai tuƙa kanta ta kashe mai tafiya a ƙasa. Wata mata ce ke tura kekenta tana tsallaka titi. Da NTSB ta buɗe bayanan motar sai aka ga na'urar ta hango ta tun saura daƙiƙa 5.6, amma ta yi ta canza shawara, yanzu ta ce mota ce, an jima ta ce keke ne, an jima ta ce wani abu ne daban, kuma duk sanda ta canza sai ta watsar da lissafin inda abin ke nufa ta faro sabo. Ba a ma koya mata cewa mutum kan tsallaka titi a inda ba a shata masa ba. An kashe birkin gaggawa na asali da Volvo ta sa wa motar, ita kuma wadda aka ajiye a kujerar direba don sa ido hankalinta na kan waya. Duk wannan ba don hukuma ta karɓi bayanan ta wallafa ba da ba injiniyan da zai koyi komai a wajen Uber. An koya ne bayan rai ya salwanta, alhali ƙananan alamu irin na kusa-a-yi suna nan jibge a rumbun kowane kamfani.

Harkar jiragen sama ta riga ta bi ta nan. A Disamba 1974 jirgin kamfanin TWA mai lamba 514 ya daki dutse a jihar Virginia mutum 92 suka mutu, saboda rashin fahimtar umarnin sauka tsakanin matuƙa da masu kula da zirga-zirga. Da aka bincika ashe makonni shida kafin nan wani jirgin kamfanin United ya tsallake rijiya da baya a daidai wurin kan irin wannan ruɗanin, matuƙan sun kai rahoto, kamfaninsu ya gargaɗi nasa matuƙan, amma labarin bai kai ga na TWA ba. Wannan ne ya sa aka kafa tsarin kai rahoto a asirce a 1976, aka damƙa shi a hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, don ba ita ke hukunta matuƙa ba, sai mutum ya faɗi kuskurensa ba tsoro. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma sai in ka san ya kama ɗin.

To me ya hana su?

Kuɗi. An zuba biliyoyin daloli wajen tara waɗannan bayanai kuma su ne jarin, wanda ya fi tarin yanayi masu wuyar samu shi ya fi manhaja mai kyau. Sai tsoron lauyoyi, don duk abin da ka rubuta cewa motarka ta kusa yi zai iya dawowa gabanka a kotu. Sai tsoron kanun labarai da faɗuwar hannun jari. A farkon 2022 Waymo da kanta ta kai hukumar lasisin motoci ta California kotu don kar ta saki wasu bayanai game da yadda motocinta ke yi a lokacin hatsari da gaggawa, ta ce sirrin kasuwanci ne, kotu kuma ta ba ta gaskiya a lokacin. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar sirrin, ba wanda ke cewa a saki lambobin manhaja. Amma yadda mota ta taka mutum a titin jama'a da wuya a kira shi sirrin kasuwanci.

Akwai ma matsalar da ba ta mugunta ba ce: kowane kamfani da irin na'urorinsa da inda ya maƙala su da yadda yake adana bayanin, ɗanyen bayanan wani ba lallai su yi wa wani amfani kai tsaye ba. Abin da ya fi sauƙin rabawa shi ne labarin yanayin, wato ga yadda titin yake, ga abin da ya ɓullo, ga inda manhaja ta ruɗe, kowa ya je ya gwada tasa a kwamfuta.

Doka ba ta tilasta musu ba?

A Amurka ta ɗan tilasta. A Yuni 2021 NHTSA ta ba da oda cewa duk hatsarin da ya cika wasu sharuɗɗa, in na'urar tuƙin na aiki cikin daƙiƙa 30 kafin karon, dole kamfani ya kawo rahoto. Dalilin daƙiƙa 30 ɗin shi ne kar na'ura ta saki sitiyari ana dab da karo sannan a ce ai mutum ne ke tuƙi. Ana wallafa rahotannin kowa na iya saukewa, sai dai in ka buɗe za ka tarar da wurare da yawa an shafe, musamman na Tesla inda bayanin yadda hatsarin ya faru ake rufe shi da sunan sirrin kasuwanci. A 2025 kuma an sassauta odar an rage wasu abubuwan da ake kawowa. Oda ce ta hukuma ba dokar majalisa ba, don haka kowace gwamnati na iya taɓa ta.

Na ga an ce Tesla ta fi kowa yawan hatsari a wannan rahoton. Ke nan ita ce mafi haɗari?

Rahoton farko na Yuni 2022 ya nuna hatsari 392 na motocin mataki na 2, 273 daga ciki na Tesla ne. A ɓangaren masu cikakken tuƙi kuma 130, Waymo na da 62. Amma wannan adadi shi kaɗai ba ya faɗa maka komai, hukumar ma ta yi wannan gargaɗin. Ba a faɗi mil nawa kowa ya yi ba. Tesla na da motoci masu ɗimbin yawa a titi kuma suna haɗe da intanet, suna yin karo kamfanin ke sani, wani kamfanin kuwa sai in mai motar ya kawo ƙorafi. Wato wanda ya fi sanin abin da ke faruwa da motocinsa shi zai fi kama da mai laifi. Wannan ba wanke Tesla ba ne, don binciken hukumar ne ya kai ga yi wa motocinta kusan miliyan 2 gyaran Autopilot a Disamba 2023 saboda ba ta tabbatar da cewa direba na kula yadda ya kamata. Alƙaluman da ita Tesla ke fitarwa da kanta ma masana na sukarsu, don Autopilot an fi amfani da shi a manyan hanyoyi inda dama hatsari ya fi ƙaranci a kowace mil, sai a kwatanta da tuƙin kowane irin titi.

An taɓa kama wani kamfani dumu-dumu yana ɓoye gaskiya?

An kama Cruise, kamfanin tasi marar direba na General Motors. Ranar 2 ga Oktoba 2023 a San Francisco wata mota da mutum ke tuƙawa ta bige wata mata ta wurga ta gaban tasi ɗin Cruise, direban ya tsere. Motar Cruise ta taka birki amma ta hau kan matar. Har nan da wuya a ga laifinta sosai. Sai dai bayan ta tsaya sai manhajar ta ɗauka a gefe aka buge ta, ta yanke shawarar gangarawa bakin titi, ta ja matar a ƙarƙashinta wajen ƙafa 20, kusan mita 6. Wannan ɓangare na jan shi ne kamfanin bai fito ya faɗa ba, a rahoton da ya kai wa NHTSA na farko ba a ambace shi ba, hukumar California kuma ta ce ba a nuna mata ƙarshen bidiyon ba a zaman farko. Ranar 24 ga Oktoba aka dakatar da lasisinsu, shugaban kamfanin Kyle Vogt ya ajiye aiki a Nuwamba, NHTSA ta ci su tarar dala miliyan 1.5, ma'aikatar shari'a ta ƙara dala dubu 500 kan rahoton ƙarya, a Disamba 2024 kuma General Motors ta ce ta daina zuba kuɗi a harkar tasi ɗin. A ganina ɓoyon ne ya kashe Cruise fiye da hatsarin kansa.

Rahoton da California ke fitarwa duk shekara fa?

Wannan na ƙirga sau nawa mutum ya karɓe tuƙi daga hannun na'ura lokacin gwaji. 'Yan jarida na son sa don yana ba da jerin na ɗaya na biyu, amma kamfani ne ke fassara wace karɓa ce ta cancanci a rubuta, kuma mai gwaji a titi shiru zai fi mai gwaji a tsakiyar cunkoso kyan adadi. Har yana iya sa mai sa ido ya yi jinkirin karɓa don kar ya ɓata lissafi. Kar ka dogara da shi.

Sauran ƙasashe fa?

Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 157 da ta fara aiki a 2021 ta ce motar mataki na 3 dole ta kasance da wani irin baƙin akwati da ke rubuta lokacin da na'ura ke tuƙi da lokacin da ta miƙa wa mutum. Jamus ta yi dokar mataki na 4 a 2021. Birtaniya ta yi tata a Mayu 2024, inda laifin tuƙi ke komawa kan kamfanin da aka ba izini in motar ce ke tuƙa kanta, kuma ba hukuma bayanin ƙarya ko ɓoye mata abin da ya shafi tsaro laifi ne da kan sa. China kuma damuwarta kar bayanan titunanta su fita waje, shi ya sa Tesla ta buɗe rumbun adana bayanai a can a 2021. Amurka ma a Janairu 2025 ta fitar da ƙa'idar hana manhajar China da Rasha a motocin da ke haɗe da intanet. To ka ga rabon bayanai tsakanin ƙasashe siyasa ta riga ta shiga.

Ni da nake tafiya a ƙasa kyamarar ta ɗauke ni, ina sirrina?

Nan ne masu cewa a saki komai suke tuntuɓe. Motar na ɗaukar fuskoki da lambobin motoci da ƙofofin gidaje na mutanen da ba su taɓa danna "na yarda" ba, fasinja kuma an san inda ya kwana da asibitin da ya je. 'Yan sanda a Amurka sun sha zuwa da takardar kotu suna karɓar bidiyo daga Waymo da Cruise. A Afrilu 2023 Reuters ta ruwaito cewa wasu ma'aikatan Tesla sun riƙa tura wa juna hotuna da bidiyo daga kyamarorin motocin kwastomomi, har da na cikin garejin mutane. General Motors kuma an gano a 2024 bayanan yadda mutane ke tuƙi na isa hannun dillalan da ke sayar wa kamfanonin inshora. A Turai dokar kare bayanai ta 2018 na ɗan taka musu birki. Don haka abin da ake nema a raba ba fuskarka ba ce, ana iya dusashe fuska da lamba a bar yadda abin ya faru, kuma a ajiye a hannun wata cibiya ta tsakiya maimakon a watsa a intanet.

Masu kutse za su iya ƙwace motar?

An taɓa nunawa a 2015, masu bincike biyu Charlie Miller da Chris Valasek suka shiga wata Jeep Cherokee daga nesa tana kan hanya, aka yi wa motoci miliyan 1.4 gyara. Abin sha'awa a wannan fanni kamfanonin sun yarda su haɗa kai, suna da dandalin Auto-ISAC tun 2015 inda suke sanar da juna ɓarakar da aka gano. Ke nan in sun so za su iya.

Ai na ji sun saki bayanai kyauta ga masu bincike?

Sun saki, Waymo a 2019, akwai tarin bayanan tuƙi na wasu kamfanoni masu suna nuScenes da Argoverse su ma a shekarar. Suna da amfani ga ɗalibai da masu koya wa kwamfuta gane abubuwa a titi. Amma zaɓaɓɓun gutsattsarin tuƙi ne, ba tarihin kurakuran manhajarsu ba.

In mota ta buge ɗan'uwana, ta ina zan samu hujja?

Ta hannun wanda kake ƙara, matsalar ke nan. A shari'ar wani hatsarin Autopilot na 2019 a Florida Tesla ta ce ba ta da wasu muhimman bayanan lokacin karon, sai da lauyoyin iyalan suka samo wani gwanin kwamfuta ya zaƙulo su daga na'urar motar, a Agusta 2025 masu taimaka wa alƙali suka ɗora wa kamfanin wani kaso na laifin da diyyar sama da dala miliyan 240. Ba kowane iyali ke da ƙarfin shekaru ana wannan fafatawa ba. A na Uber kuwa masu gabatar da ƙara sun ce kamfanin ba shi da laifin da za a gurfanar da shi, ma'aikaciyar da ke kujerar ce ta amsa laifi a 2023 aka yi mata ɗaurin talala na shekara 3.

Gaskiya ne akwai mutane a ofis da ke tuƙa su a ɓoye?

Akwai mutane a ofis, amma a tsarin Waymo ba sitiyari suke riƙewa ba, motar ce in ta cije take tambaya, misali an rufe layi ko ɗan sanda na nuni da hannu, su ba ta shawara ita ta ci gaba da tuƙin. Sau nawa hakan ke faruwa, mutum nawa ke kula da mota nawa, minti nawa take tsayawa tana tare hanya ko motar kashe gobara kafin a amsa mata, waɗannan na cikin alƙaluman da kamfanoni suka fi rowar su. Na Cruise ya fito ne a Nuwamba 2023 bayan rikicinsu, da aka matsa sai suka amsa cewa motocinsu na neman taimakon mutum kusan duk mil 4 zuwa 5.